Gashin Yaya Bai Gama Bushewa Ba

Akwai wata budurwa mai gyaran gashi wadda abokan aikinta suka laƙaba wa suna Yanzu-yanzu. A gida Auta ake ce mata, domin ita ce ƙarama, amma sunan shago ya fi kama ta. Ba ta iya jira ba. In ta ɗora ruwan shayi, sai ta yi ta buɗe murfi har ruwan ya rasa yadda zai yi ya tafasa. In ta aika saƙo a waya ba a amsa ba, kafin ka ƙifta ido ta kira. Ko wanki ta shanya, da danshinsa take kwashewa, ta ce ai jiki zai ƙarasa busar da shi. Ba muguwa ba ce, ba kuma malalaciya ba. Hannunta na da kyau, zuciyarta ma haka. Haƙuri ne dai ranar da ake rabonsa ba ta tsaya layi ya zo kanta ba.

A shagon da take aiki, babu wadda ta kai ta iya riƙe na'urar miƙar da gashi. Tata ta kanta ce, irin mai bakin tangaran ɗin nan da ke raba zafi daidai ko'ina, ta bi gashi sumul ba tare da ta fizge shi ba. Tana ji da ita ƙwarai, kullum sai ta goge ta ta naɗe a tsumma mai laushi. Ta kuma san ƙa'idar aikin sarai, har ita ke koya wa sababbin shiga: gashi ya bushe ƙarau tukuna, a shafa masa man da ke kare shi daga zafi, a raba shi ƙanana-ƙanana, a sa wuta daidai ƙarfinsa, a bi shi sau ɗaya a wuce. Sai dai abin da bakinta ke faɗa daban, abin da hannunta ke yi in ta ƙosa daban. Mai shagon, wata dattijuwa mai yawan zolaya, takan ce mata, "Yanzu-yanzu, ke fa ko haihuwarki ina jin ba ki bari wata tara ya cika ba." Sai a yi dariya, ita ma ta yi. Da yake yawancin masu zuwa shagon gashinsu ba shi da cika sosai, saurinta bai taɓa jawo mata abin da ya wuce ɗan ƙorafi ba.

Auta tana da yaya mace guda ɗaya, wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarsu. Yaya ta yi wata doguwar jinya, kuma maganin da aka yi ta ba ta ya zubar mata da gashi kaf, har gira. A cikin wannan hali mijinta, wanda makanikin injin jirgin ruwa ne, ya samu aiki a nesa, aikin da ba a dawowa gida sai an gama wa'adi. Bai so tafiya ba, ita ta matsa masa. Ranar da zai tafi ya shafa kanta da babu ko sili, ya ce, "Ko bai sake fitowa ba, ni ke nake so in tarar." Ta yi murmushi, amma maganar gashin ta tsaya mata a rai.

Allah ya ba Yaya lafiya, gashi kuma ya dawo. Abin mamaki, ba irin na da ya dawo ba. Wani gashi ne ya fito mai cika, baƙi wuluk, mai lanƙwasa tun daga tushe har baki, wanda in ka tura yatsu a ciki sai su ɓace. Yaya ta riƙa lallaɓa shi kamar jariri. Ba ta yarda wuta ta kusance shi ba, ba ta sa masa wani magani mai ƙarfi ba, sai mai da taza a hankali. A kwana a tashi ya sauko har kafaɗa, ya wuce. Duk wannan mijin bai sani ba. In ya kira ta a waya ta bidiyo, da ɗankwali take fitowa, ɗaure tamau. In ya tambaya, sai ta ce, "Yana nan yana ƙoƙari." Sama da shekara biyu tana ɓoye masa, domin tana so ranar da ya shigo gidan ta zare ɗankwalin a gabansa ya gani da idonsa.

Da ranar dawowarsa ta zo, tun da safe ta kira ƙanwarta.

"Auta, yau dai na yarda. Ki zo da na'urar nan taki ki miƙar min da shi. Ina so ya ga iyakar tsawonsa."

"Yaya, da gaske? Ai na daɗe ina roƙonki."

"Da gaske. Amma don Allah a hankali. Sai yamma zai iso, muna da lokaci."

Auta ta nemi izini a shago ta taho da jakarta tana rawar jiki. Ta wanke wa Yaya kai a banɗaki, ta tsane shi da tawul, suka dawo ɗaki. Yaya ta zauna a kan ƙaramar kujera gaban madubin sif, Auta ta tsaya a bayanta ta kunna na'urar busar da gashi. Suna hira suna dariya. Yaya na ba ta labarin yadda ta canza labulen falo, da yadda ta rasa wace riga za ta sa.

To, gashi mai cika yana da wani hali da duk mai wannan sana'a ta sani. Samansa yakan bushe ya yaudare ka, alhali can ciki, kusa da fata da wajen ƙeya, ruwa na nan kwance. Sai an ɗaga shi kashi-kashi an bi da iska, an kuma jira. Auta ta yi ta busarwa har hannunta ya fara gajiya. Ta shafa saman, ta ji ya bushe. Idonta ya kai kan na'urar miƙarwa da ke ajiye a kan gado. Babu wanda ke jiran ta a waje, babu abin da ke korar ta, rana ma ba ta take ba. Ita dai ta ƙosa ta ga yadda gashin nan zai zuba a bayan Yaya. Sai ta kashe iskar ta jona ɗayar.

"Ya bushe kuwa?" in ji Yaya. "Ni kamar ina jin sanyi-sanyi a ƙeyata."

"Ya bushe mana, Yaya. Iskar fanka ce. In ma da saura, zafin zai ƙarasa shi."

Yaya ta bar maganar. Ƙanwarta ce, sana'arta ce, wa za ta yarda da shi in ba ita ba?

Auta ta fesa man kariya sama-sama. Maimakon ta raba gashin ƙanana ta maƙale sauran, sai ta damƙo mai yawa daga baya ta matse a bakin na'urar. Aka ji wata ƙara, irin ta ɗigon ruwa in ya faɗa cikin mai mai zafi, tururi ya tashi. Auta ta san ma'anar wannan ƙara. Ruwan da ke cikin silin gashi ne ke tafasa. A nan ya kamata ta tsaya, kuma zuciyarta ta gaya mata haka. Amma tsayawa na nufin a koma busarwa, a sake wani zaman jira, ga shi ta riga ta ce ya bushe.

"Mene ne wannan?" Yaya ta tambaya.

"Man ne, haka yake yi."

Da ta saki, gashin bai miƙe ba, saboda ya yi yawa zafin bai ratsa tsakiyarsa ba. Sai ta murɗa wutar har ƙarshe. Ta sake bi, ta sake bi, tana tsayawa a wuri ɗaya tana matsewa. A haka ya miƙe, har da ɗan sheƙi, ta ce a ranta ai ga shi nan, tsoron banza ne. Ta ci gaba da damƙa tana matsewa, daga ƙeya zuwa gefe, daga gefe zuwa tsakiyar kai. Wani ƙauri ya fara tashi, ta miƙa ƙafa ta ƙara ƙarfin fanka. Yaya kuwa ta lumshe ido, tana faɗin abin da take jin mijin zai ce in ya gani.

Aikin da ya kamata ya ci rabin yini, kafin wani lokaci ta kusa gamawa. Ta ɗauki mataji don ta daidaita bayan. Tazar farko, matajin ya fito cike da gashi. Ta tsaya tana kallonsa. Ta kai hannu ta taɓa inda ta fara miƙarwa, wanda yanzu ya huce. Sheƙin ya tafi. Gashin ya zama ƙarmas-ƙarmas kamar busasshiyar ciyawa, tana murza shi yana kakkaryewa yana zuba a kan tawul ɗin da ke kafaɗar Yaya.

Tsayawar da Auta ta yi ce ta sa Yaya buɗe ido. A madubi ta ga fuskar ƙanwarta, sannan ta ga matajin. Ba ta yi ihu ba. Ta kai hannu baya a hankali ta shafo, ta dawo da hannun ta buɗe a kan cinyarta. Ta daɗe tana kallon abin da ke tafinta.

"Yaya," in ji Auta, "bai bushe ba. Na ji ƙarar, na san bai bushe ba. Ba man ba ne."

"Na tambaye ki, Auta."

"Kin tambaye ni."

Auta ta durƙusa ta zazzage jakarta a ƙasa. Ta fito da wannan mai, ta fito da wancan, tana cewa akwai wanda ke gyarawa, bari ta kira mai shagonsu, bari ta ruga kanti yanzu-yanzu. Yaya ta riƙe mata hannu.

"Ke da kanki kin sha gaya min gashin da ya ƙone ba ya warkewa. Ko ba haka ba ne?"

Auta ta sunkuyar da kai. Haka ne.

"To ɗauko almakashi. Ke za ki yanke. Kuma wannan karon ki yi a hankali."

Tunda take, Auta ba ta taɓa yin aiki a natse kamar na ranar ba. Ta bi kan sili-sili tana neman inda ƙunar ta tsaya, ko za ta ceci wani abu. Abin da ya tsira bai fi tsawon gaɓar yatsa ba. Tana yanka hawaye na hana ta gani, tana sharewa da bayan hannu. Ta tuna ranakun da take raka Yaya asibiti, da safiyar da Yaya ta kira ta tana dariya tana kuka wai ta ga ɗan baƙi-baƙi ya fara tsirowa a kanta. Da ta gama ta share ɗakin, ta tattara gashin a leda, ta rasa inda za ta kai shi, sai ta tura cikin jakarta kusa da na'urar. Yaya ta wanke fuska, ta sa rigar da ta zaɓa, ta ɗaura ɗankwali.

Da yamma mota ta tsaya a ƙofar gida. Mijin ya shigo da akwatunansa, ya rame ya yi duhu, bakinsa har kunne. Ya gaisa da Auta, ya tsokane ta da cewa har yanzu ba ta iya zama wuri ɗaya ba, ga shi tana ta murza hannu a bakin ƙofa. Sannan ya zauna kusa da matarsa ya dube ta da kyau.

"Shekara da shekaru ina ganin ɗankwalin nan a waya," ya ce. "Yau dai a nuna min mai ƙoƙarin."

Yaya ta kai hannu ta zare shi. Ya kalli ɗan guntun gashin da ya kwanta a kanta. Idonsa ya ciko. Ya kai hannu ya shafa a hankali, kamar yadda ya yi ranar tafiyarsa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe ya fara fitowa. Ki ƙara haƙuri, wata rana sai kin ga ya kai kafaɗa."

Yaya ta ɗaga ido ta dubi ƙanwarta da ke tsaye rungume da jaka.

"Eh," ta ce. "Ya fara."

Ba ta taɓa gaya masa ba, ba ta kuma taɓa yi wa Auta gori ba. Da ta zage ta, da ya fi wa Auta sauƙi. Auta ta koma shago washegari, kuma tun daga ranar in ta wanke wa mace kai, sai ta tura yatsu har ƙeya ta taɓa, ta sake taɓawa. In mai gashin ta ce tana sauri, sai ta ce mata ta tafi ta dawo ranar da take da lokaci. Abokan aikinta ba su daina kiran ta Yanzu-yanzu ba, suna ya riga ya bi ta, sai dai ita ta daina dariya in an faɗa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sanin aiki ba ya amfanar wanda ba zai iya jira ba. Auta ba jahilci ne ya kai ta ba, ba kuma ƙiyayya ba. Ta san daidai, ta ji gargaɗi da kunnenta, amma ta ga komawa baya ya yi mata nisa. Abin da wani ya yi shekaru yana reno, kai kana iya lalata shi kafin shayi ya huce, kuma sau da yawa wanda ya fi yarda da kai shi saurinka zai fara ci. Don haka in aka damƙa maka abin da ke da daraja a wurin mai shi, ka ba shi lokacin da yake bukata. In kuma ka ji alamar ka kauce, ka tsaya tun a nan ka faɗi gaskiya, domin ana iya yafe maka, amma yafiya ba ta mayar da abin da ya ƙone.