Jariri Ɗaya, Takwara Uku

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba wanda zai tashi sai an yanke ta.

A Tungar Maje, can bakin kogi, an yi wani manomin albasa ana ce masa Jatau. Shekara goma sha ɗaya da aurensa da Tabawa, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Da Allah Ya kawo rabo kuma, sai naƙuda ta zo da gardama a tsakiyar damina. Kwana biyu ana abu ɗaya, har ungozoma ta ce a nemi asibiti. Asibitin yana tsallake, ga kogi ya cika ya batse, ya tafi da gada.

Jatau ya tsaya a bakin ruwa da hantsi, tsoro ya kama shi. Ya ɗaga murya gaban jama'a ya ce, "Ku shaida, duk wanda ya cece su, in namiji aka haifa, sunansa zan sa masa!" Kun san bakin mutum in yana cikin tashin hankali, ba ya tsayawa lissafi.

Masu jirage duk suka sunkuyar da kai, sai wani tsoho da kowa ke kira Baba Mai Fito. Ya ce a sako Tabawa cikin jirginsa. A tsakiyar kogi igiyar ruwa ta karya masa filafilin da yake tuƙi da shi, ya ɓalle katakon da yake zaune a kai ya ci gaba da tuƙi, har ya kai su gaci tafin hannunsa na jini.

A tsallake suka tarar ruwa ya yanke hanya, ya bar wani ƙaton rami, motoci sun yi layi. Akwai wani direban tifa, mutumin Kudu, ɗauke da yashin da zai kai wa mai gini. Da ya ji nishin Tabawa bai tambayi kowa ba, ya juye yashin kaf cikin ramin, ya ɗauke su ya bi ta kai. A ranar maigidansa ya sallame shi daga aiki.

Likitan da ya iya tiyata a asibitin mutumin Habasha ne. Wa'adin aikinsa ya ƙare, jakarsa na cikin mota, jirgin saman da zai mai da shi ga iyalinsa yana jira a birni. Ya dubi Tabawa sau ɗaya, ya ce a sauke jakar. Kafin la'asar aka ji kukan ɗa namiji, uwar ma lafiya lau. Jirgi kuwa ya tafi abinsa.

Jatau ya yi murna har da hawaye, sannan alkawarinsa ya faɗo masa a rai. Yaro ɗaya, masu ceto uku, kuma ko sunan ɗayansu na yanka bai sani ba. Kwana shida yana ramewa kamar shi ya haihu.

Ranar suna ruwa ya ja, ya gayyato su duka ukun, ya kai kuka wurin liman. Liman ya fara da tsohon: "Baba, mene ne sunanka na gaskiya?"

"Iliya, Allah gafarta Malam."

Direba ya zabura. "Kai! Ni Elijah!"

Likita ya dafa ƙirji yana murmushi. "Eliyas."

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Jatau, Allah Ya fid da kai kunya. Sunan Annabi Ilyasu ne ya zaga duniya, kowace ƙasa da yadda bakinta ya ɗauke shi." Nan take ya raɗa wa yaro Ilyasu. Guɗa ta tashi daga cikin gida, aka yanka rago, Jatau ya manta da girmansa ya shiga fili ya taka rawa. Bai taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba.

Sai wanzami ya warware zabirarsa don askin suna. A al'adar Tungar Maje, takwara ne ke rungume jariri a cinyarsa lokacin aski, daga ranar kuma ya zama ubansa na biyu, shi zai tsaya masa har ranar aurensa. Cinya ɗaya ake ɗora yaro, ba a rabawa. Jatau ya fito da ɗansa a hannu, sai ga mutum uku sun miƙo hannuwa gaba ɗaya, kowa fuskarsa cike da fara'a.

Ba don Iliya ba, da ba a haye kogi ba. Ba don Elijah ba, da an tsaya a bakin rami. Ba don Eliyas ba, da isowar ba ta yi amfani ba.

To jama'a, ga wanzami riƙe da aska yana jira. A cinyar wa Jatau zai ɗora Ilyasu?