Ruwan da Haulat Ta Zuba a Ɓoye

Haulat 'yar unguwar Gobarau ce a birnin Katsina, mai ƙwazo da fara'a, sai dai tana da hali guda: tausayinta yakan rinjayi hankalinta, kuma idan ya sa ta yi kuskure, sai ta ja bakinta ta yi shiru. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ta kammala karatun ilimin tsirrai, ta samu aiki a wani gandun bincike ƙarƙashin wani dattijo, Malam Yahaya.

A lokacin kowa yana cike da buri. Wata ƙungiyar manoma daga wajen Batagarawa ta zo neman shawara kan itacen da za su dasa ya kare gonakinsu, wanda fari ba zai kashe ba. Malam Yahaya ya ɗora wa Haulat aikin. Ya ce ta jera dashen aduwa da kurna da itacen turare a leda, ta shayar da rabi, ta hana rabi ruwa, ta ga wanda zai jure.

Da zafin bazara ya tsananta, dashen turaren da aka hana ruwa ya fara langaɓewa. Haulat ta kasa daurewa. Kullum in za ta tashi aiki sai ta ɗan tsiyaya masa ruwa daga butarta. Dashen ya miƙe ya yi shar, har Malam Yahaya ya yi mamaki, ya aika wa manoman cewa turare ne ya ci gwaji.

Ranar da suka zo ɗauka, shugabansu Alhaji Tanko ya yi ta sa mata albarka. Ya ce har sun haƙa ramuka, kowa ya ware gefen gonarsa. Ita kuwa Haulat ta san a can babu mai bin dashe da buta.

"Malam, ku dakata," ta ce. "Turaren nan bai jure komai ba. Ni nake ba shi ruwa."

Sai Malam Yahaya ya yi dariya har da dafa gwiwa.

"Ɗiyata, mun sa su azumi, ke kuma kina kai musu buɗa-baki da rana tsaka?"

Kowa ya dara, har ita mai hawaye. Alhaji Tanko ya ce gara jinkirin shekara guda da asarar gonaki, za su jira.

Bazara ta gaba Haulat ta sake gwajin, ta danne zuciyarta. Turare ya bushe. Aduwa da kurna suka rage ganye, da ta yaga ledar ta ga saiwarsu ta yi tsawo tana neman danshi. Waɗannan biyun ne manoman suka dasa. Bayan 'yan shekaru suka gayyace ta, ta zauna a inuwar kurna tana cin 'ya'yanta, matan ƙauyen suna ta guɗa.

Darasin da ke nan shi ne, tausayin da ya rufe gaskiya cuta ne ga waɗanda suka dogara da kai. Kuskure ba ya kashe mutum, ɓoye shi ne ke kai jama'a ga asara. Wanda ya faɗi gaskiya kafin lokaci ya ƙure, kunyarsa ta yini ɗaya ce, amma amfaninta kan daɗe ana cin moriyarsa.