Ashe Shi Ne Mai Duba na Biyu

Iya Oyinlola mai sayar da amala a bakin jami'a ce ta fara ba ni wannan labari. Yarinyar da abin ya sama ta kasa faɗa mini, ga shi kuwa jikata ce.

Akwai wata ɗaliba a nan Ibadan mai suna Fadekemi, ita ce jikar tawa. Shekara uku tana yawo gonakin Oyo, tana binciken abin da zai hana rogo ruɓewa bayan an haƙo shi. Ta rubuta, ta aika wa wata mujallar masana. Jami'arta ta ce in ba a buga aikin ba kafin shekara ta fita, babu digiri na uku.

Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma ta fahimtar da ni yadda suke yi. Edita yana cire sunanka, ya aika aikin ga masana biyu su duba. Kai ba ka san su ba, su ma ba su san juna ba. Wanda ya gane aikin na ɗan gida ne, sai ya mayar, ya ce a ba wani.

Mai duba na farko ya amsa cikin wata guda: aiki ya yi kyau, a gyara abu biyu. Na biyu kuwa shiru, har wata bakwai.

To akwai Farfesa Akinyode, ɗan garinmu, yana koyarwa a wata jami'ar. Ni na goya shi lokacin da uwarsa ke jinya. Ni kuma na kai Fadekemi gabansa na ce, "Ga 'yarka." Duk abin da ta gano a gona, shi take fara kai wa.

Ta je ta yi masa kuka. Ya yi dariya.

"Haba Kemi, rogon ma ai sai da ya shekara a ƙasa. Masu duban nan malalata ne, na san halinsu."

"Baba, ko in janye in kai wata mujallar?"

"Kul! Su ce 'yata ba ta da tarbiyya? Ki bari kawai."

A wata na takwas amsa ta zo: aiki ɗanye ne, kada a buga. Farfesa ne ya fara kiranta a waya. "Wane marar imani ne wannan? Share hawayenki."

Ashe shi ne mai duba na biyu. Ya danne aikin, ya sauya sunayen ƙauyuka, ya sa sunansa, ya aika wata mujalla.

Sai dai masana ruɓewar rogo ba su da yawa. Editan can ya tura aikin ga wata malama a Kumasi, wadda ita ce ta duba na Fadekemi tun farko. Ta ga lissafin duk ɗaya ne. Ta rubuta wa editocin biyu, suka gwada ranakun da kowa ya aiko.

Aka watsar da nasa, aka kai ƙararsa jami'arsa. Nata aka ba sababbin masu duba, ya fito saura mako uku shekara ta ƙare.

Ni duk ban sani ba, sai da Iya Oyinlola ta tare ni. "Mama, kina nan kina taya ɗanki addu'a? Har masu shara sun ji!"

Na koma gida na zaunar da yarinyar. "Don me kika ɓoye mini?"

"Mama Agba, kakata, ta ina zan fara? Kullum sai kin ce in gaishe shi."

Washegari na ɗaura zanena, na shiga mota zuwa gidansa. Da ya gan ni ya zube rub da ciki yana gaisuwa, direbansa na kallo. Babba ne ke cewa yaro ya tashi. Ban ce ba. Na tsaya a kansa har matarsa ta fito, sannan na juya na bar shi a ƙasa.

Darasi: In aka ba ka aikin wani a asirce, aka ɓoye sunanka, amana biyu ce aka ɗora maka. Duba shi da gaskiya, ko ka mayar. Ku tura wa duk mai ɗa a makaranta, da malamansu ma.