Cikin Zomo Ya Ba da Shaida

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ba ƙarya.

Ƙarya kuma? Da idona na gani, ni na riƙe wa alƙali sanda.

Wani direba ne, Jatau, ya ɗauko harawar wake a gingimari. Yana shan kwanar Kuka Biyu mota ta mutu. Kun san in mota ta lalace, ganye ake jerawa a kan titi don na baya ya rage gudu. Jatau ya duba, babu darbejiya kusa, sai ya jera harawa, dami-dami.

Zomo ya fito. Ya ce, "Kai, yau titi ya yi walima!" Ya ci na farko, ya ci na biyu, ya ci har ya share titi tas.

Sai ga wani direba, Mantau, da tankar mai, bai ga ganye ba, bai taka birki ba. Ƙarrr, gam! Mantau ya ce ga garinku nan.

Aka kama Jatau, aka kai shi kotun Mujiya, cikin kogon kuka. In bai sa ganye ba, kurkuku har ya mutu. Shaida kuwa babu sai Zomo.

Rana tsaka aka zauna. Sai iska ta tsaya cak, tsuntsaye suka yi tsit, warin baƙin mai ya cika kogo. Wani dogon mutum ya shigo, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ba shi da inuwa. Ya zauna a bencin baya, sitiyari na rataye a wuyansa. Kowa ya gane Mantau, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Mujiya ta ce, "Zomo, ka ga ganye?"

"Allah ya gafarta Malam, ko tsinke ban gani ba."

Paaam! Odar tankar Mantau ta tashi daga cikin Zomo.

Mujiya ta ce, "Mene ne wannan?"

"Yunwa ce, kwana uku ban ci komai ba."

Paaam! Paaam!

Jatau ya ce, "Munafuki, kore ne har a gemunka!"

"Haka aka haife ni."

Paaam! Mantau ya matso benci ɗaya. Duk ƙarya benci ɗaya, har Zomo ya ji sanyin numfashi a ƙeyarsa.

Zomo ya fashe da kuka, ya ce, "Ya sa! Dami tara ya sa, ni na cinye!"

Ciki ya yi shiru. Mujiya ta ce, "Jatau, tafi gida. Kai kuma, kotu sai ta ga shaida da ido. A kawo wuƙa."

Zomo ya ce, "Wuƙar me, Malam? Wallahi shaida ga ta nan tafe da kanta, a bar ni in zaga baya."

Aka kasa kunne. Ciki bai yi oda ba, don wannan karon gaskiya ya faɗa, tsoro ya kaɗa masa hanji. Aka bar shi ya zaga. Ya ajiye musu shaida ƙwaya-ƙwaya, ya ari ta kare.

Da aka waiwaya, bencin Mantau wayam. Sai oda can nesa, tana bin daji.

Shi ya sa har gobe Zomo ke tsallake titi a guje, kunnuwa a tsaye. Direbobi kuma ba sa jera komai sai darbejiya, mai ɗaci.

Ƙurunƙus kan tsohuwar taya. In za ka ci shaida, yara, ka tabbata cikinka ba shi da batir.