Masuncin Kogi da Tudun Yashin Teku

An yi wani mutum, masunci ne ɗan masunci, a bakin kogi aka yanke masa cibiya. Abin da ya sani shi ne ruwa yakan cika da damina, ya janye da rani. In tudun yashi ya fito a tsakiyar kogi, sai a kafa bukka a kansa, a yi wata huɗu ana ƙyafe kifi. Da kifi ya yi ƙaranci a garinsu, sai ya ɗauki birginsa, ragar nan da ake jefawa, ya gangara kudu har wani lungu inda teku ya kutso cikin ƙasa.

A can ya tarar da wani tsoho mutumin arewa, shekararsa talatin yana su a wurin. Tsohon ya ce masa, "Ɗana, ka zo a kan gaɓa, don da ruwan sama ya ɗauke kifi yakan cika lungun nan. Amma teku ba kogi ba ne. Kullum yana cika yana janyewa, in kuwa wata ya cika, yakan janye da nisa ya dawo da gudu. Ka riƙa kafa turke kana ɗaure jirginka. In ka ga tsuntsayen da ke kiwo a yashi sun tashi gaba ɗaya, bar kome ka fito."

Ya ce, "To, Baba." A ransa kuwa cewa yake, yau ni za a koya wa ruwa? Kwanakin farko ya ga ruwan yana ɗan hawa yana ɗan sauka, sai ya ce tsoron tsufa ne kawai.

Ranar da wata ya cika, da hantsi, ruwa ya janye, wani makeken tudun yashi ya fito, kududdufai cike da kifin da ya rasa hanyar komawa. Mutumin ya ja goshin jirginsa kan yashi kamar yadda ya saba a gida, ba turke, ba igiya. Ya ɗaura igiyar birgi a wuyan hannunsa, yana jifa yana gaba, har ya yi nisa.

Tsuntsaye suka tashi. Ya gan su sarai. Ya ce, "Jifa ɗaya kawai." Jifar nan kuwa ta kama kifin da bai taɓa gani ba tun da yake.

Sai ya waiga. Ruwa ya zagayo ta bayansa shiru, ya raba shi da gaɓa, ga jirginsa can yana tafiya shi kaɗai. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai gwiwa. Yashin da ya taka yana zagwanyewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Kafin ya gama ihu na uku, ruwa ya kai ƙirji, birgi mai nauyi yana jan hannunsa zuwa zurfi.

Tsohon ya ji ihun, ya tuƙo jirginsa iya ƙarfinsa, ya miƙa masa filafilin da yake tuƙi da shi. Ya ce, "Kwance igiyar! Kama da hannu biyu!"

Ya kama da hannu ɗaya, ya ce, "Baba, birgin mahaifina ne, cike yake! Bari in jawo shi."

"Ɗana, sake shi!"

Bai sake ba. Ruwan ya fizge shi, tsohon ya tsaya riƙe da filafili ba kowa a ƙarshensa. Da ruwa ya sake janyewa aka same shi a kan yashi, igiyar tana wuyan hannunsa, kifin duka suna cikin birgi.

Ga abin da misalin nan yake koya mana. Tudun yashin nan kwanakinmu ne a duniya. Muna ganinsa busasshe muna shirin kafa bukka, alhali ruwa yana zagayowa ta inda ba mu duba ba. Tsohon shi ne Ubangiji, wanda ya yi gargaɗi tun da wuri, kuma bai ce "ai na faɗa maka" ba, shi da kansa ya tuƙo ya zo. Birgin kuwa shi ne abin da ka ɗaura wa kanka ka ƙi saki: ko ƙiyayyar da ka gada, ko layar da ke ƙarƙashin rigarka ta zuwa sujada, ko ribar da ka san ba ta da tsarki.

Gaskiya, 'yan'uwa, duk lokacin da na ba da misalin nan jikina yakan yi sanyi. Mutumin nan ba rashin mai ceto ne ya kashe shi ba, hannunsa yana kan filafilin. Da yawa a cikinmu haka muke zaune a nan yau, hannu ɗaya ga Almasihu, ɗaya ga igiya. Kowa ya dubi wuyan hannunsa tun ruwa yana idon sawu.