Keken Marigayi Dogara

Ku bar kai da kawon nan ku zauna. Labarin ba shi da tsawo, amma a ƙarshensa akwai hukunci, kuma ku ne za ku yanke.

A Tudun Kaɗanya an yi wani mutum, Dogara, wanda mota ta buge a bakin titi yana dawowa daga kasuwa a ƙasa, ya rasu. Ya bar 'ya guda, Azumi, da baƙin keke irin na da, mai ƙarfe a tsakiya. Da uwar yarinyar ta gama takaba ta yi aure a wani gari mai nisa, sai Azumi ta zauna hannun kakarta, Iya Tabawa, uwar marigayin. Iya ta tsufa, idonta ya fara dushewa, kowa kuma ya san nan ba da jimawa ba za a ba wani riƙon yarinyar. Masu so su uku ne, duk 'yan'uwan marigayin: Jatau manomi, Barau mai gyaran keke, da ƙanwarsu Kande mai sayar da man gyaɗa.

Makarantar da Azumi ta samu tana wancan ƙetaren titi, tafiya mai nisa. Ba yadda za a yi sai ta hau keken ubanta. Shi kuwa garin a kan tudu yake. Hanya ɗaya ce ke fita daga cikinsa, gangare ne mai tsawo, yana bi tsakanin wani ƙaton dutse da ramin da ruwa ya zaizaye, ya sauka kai tsaye a kan titin da ya ci Dogara. Tun ranar da aka fara maganar keken Iya ba ta sake zama wuri ɗaya ba. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ɗora tukunya, ta manta da ita. Ta tara 'ya'yanta ta ce ba ta yarda jikarta ta bi gangaren nan ba sai sun koya mata duk abin da suka sani.

Jatau ya fara. Kullum da yamma yakan kai ta filin da ke bayan gari, ya riƙe sirdi yana gudu a bayanta har rigarsa ta jiƙe. Ya lura cewa duk abin da yarinyar ta ji tsoronsa shi take ƙura wa ido, shi kuma take zuwa ta kara. Ta kara wa turmi, ta kara wa kututture, har ta taɓa shiga dangar maƙwabci. Sai ya riƙa ajiye duwatsu biyu yana sa ta bi tsakaninsu, yana bin ta yana cewa, "Inda za ki bi za ki duba, uwata. Bar kallon dutsen, ba wajensa za ki ba." Bai bar ta ba sai da ta iya ratsa duwatsun idonta na gaba.

Barau ba ya gudu, ƙafarsa ɗaya ba ta da ƙarfi. Shi keken ya kama. Ya sauke sirdi, ya ɗaura katako a kan feda don ƙafarta ta kai, ya sa sabuwar robar birki. Amma ya san birkin irin waɗannan kekuna: in ƙarfen taya ya jiƙe, sai ka matse ka ji kamar ba ka matse ba. Don haka ya cire murfin tayar gaba, ya karɓe silifas ɗinta ya ba ta takalmin da aka yanka daga tsohuwar tayar mota, ya koya mata yadda mutanen ƙauye ke tsayar da keke, wato ta ɗora tafin takalmi a kan tayar gaba ta danna a hankali. In ta danna da ƙarfi ta kifa, in ta sassauta keken ya tafi. Ta yi kuka saboda munin takalmin, ya ce in ta dawo da rai ta zage shi.

Kande ba ta taɓa hawa keke ba a rayuwarta. Abin da ta gani daban ne. Duk sa'ad da Azumi ta faɗi, ba ta sakin keken, tare suke faɗuwa, shi a kanta, kuma da ta tashi fentinsa take fara dubawa kafin gwiwarta. Keken ubanta ne, shi kaɗai ya bar mata. Sai Kande ta ja ta zuwa yashin rafi, ta ce ta taho da gudu, in ta ji an tafa ta saki keken ta yi tsalle gefe, ta naɗe kai cikin hannuwa ta mirgina. Yarinyar ta ƙi. Jatau ya ce shi hawa yake koya mata, wannan kuma faɗuwa. Barau ya gaji da miƙe ƙarfen da aka lanƙwasa, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar ƙanwarsa. Kande ba ta fasa ba. Ta ce wa yarinyar, "Da ubanki na nan, da hannunsa zai jefar da keken nan a rijiya don ke." Daga ranar Azumi ta fara saki.

Aka shiga makaranta, damina kuma ta kankama. Wata safiya an kwana ana ruwa, hanya duk taɓo. Iya ta ce a fasa zuwa, yarinyar ta ce akwai jarrabawa. Ta hau, ta kama gangare. Da ta ji gudu ya yi yawa ta matse birki, bai kama ba. Ga dutse a dama, ga rami a hagu wanda ruwan daren ya ƙara ci, hanyar da ta rage ba ta fi faɗin tabarma ba. Ta ɗauke ido daga ramin ta dubi gaba, ta wuce. Ta ɗora takalmi a kan taya ta danna, roba na ƙauri, gudun ya ragu sosai, amma santsi bai bar keken ya tsaya ba. Sai ga babbar mota ɗauke da buhunan masara ta taho a kan titi, direba na ta danna oda. A bakin titin akwai gonar gyaɗa da aka yi wa huɗa. Azumi ta saki keken ta yi tsalle, ta mirgina cikin kunyoyin gonar. Keken ya shige ƙarƙashin mota. Na ga abin da aka kwaso daga baya a cikin buhu, ban kuma so na sake gani ba.

Yarinyar ta tashi da ƙujewa a gwiwar hannu, ba ta karye ko'ina ba. Da aka kawo ta gida Iya ta shafa ta tun daga kai har ƙafa, ta sake shafawa, sannan ta ce ita ta gaji, zuciyarta ba za ta ƙara ɗaukar irin wannan safiya ba. A ba da riƙon Azumi ga wanda ya cece ta.

Jatau ya ce da ba ta iya duban gaba ba, da a ramin nan za a tsamo ta, ba ta ko kai wurin taka taya ba. Barau ya ce da gudun da ta taho da shi, in ba don takalminsa ba, tsallen da ta yi wuya zai karya mata. Kande ta ce duk sun yi gaskiya, amma keken da aka iya tuƙawa aka kuma rage masa gudu, ai ga shi can a buhu. Aka juya ga Azumi ko za ta zaɓa. Ta dubi buhun ta ce ko Baffa Barau zai iya cire mata ƙararrawar keken.

Iya Tabawa tana tsaye a ƙofar gida tana jira, yarinya kuma ba ta rabuwa uku. To, ku faɗa mini: tsakanin wanda ya koya mata duban gaba, da wanda ya koya mata rage gudu, da wadda ta koya mata sakin keken ubanta, a ɗakin wa ya kamata Azumi ta ajiye akwatinta?