Saƙon Da Ya Ce "Mun Cika"

Akwai wani mutum da kowa ke kira Mai Katako, yana da wajen haɗa tebura da kujeru da bencinan makaranta. Ba ƙaramin waje ba ne. Kafintoci goma sha ɗaya ne a ƙarƙashinsa, ga ofis mai ɗaki biyu daga gaba, ga sito daga baya inda ake tara fenti da gam da ƙusoshi.

Ba zan ɗauki alhakinsa ba, mutum ne mai ƙoƙari. Amma yana da hali guda: bai yarda abinsa ya kwana a hannun wani ba. Makullin sito a aljihunsa, na janareto a aljihunsa, har na banɗakin ofis. In yana tafe sai a ji ƙarar makullai tun daga nesa, Baba Kafinta, wanda ya fi kowa daɗewa a wajen, ya ce, "Ku gyara tsayuwa, ga gandiroba nan."

Da aiki ya bunƙasa, makarantu da ofisoshi suka fara neman adireshin imel, don ta nan suke aiko hoton abin da suke so da awonsa. Sai Mai Katako ya kira ƙanensa, wanda suke ce wa Injiniya saboda ya karanci kwamfuta.

Injiniya ya ce, "Yaya, hanya biyu ce. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, riƙe wa mutane imel. Sunan wajenka ne zai fito a adireshin, amma na'urorin suna can wajensu, su ke kula da su kullum. Ko kuma mu sayi tamu na'urar, mu ajiye a nan, mu kula da ita da kanmu."

"Wato wasiƙuna su kwana a ɗakin wani ƙato da ban taɓa gani ba?"

"Ba zama zai yi yana karantawa ba, Yaya."

"Kai ka ce. Sayo tamu."

"In an sayo ta, reno take so fa. Sai an riƙa duba ta."

"Ba ga ka ba? Me na kai ka makaranta ka yi?"

Aka sayo na'ura, aka ɗora ta kan kanta a sito, tsakanin gwangwanayen fenti. Tana da ɗan haske kore a gabanta, da fanka a ciki mai ƙara a hankali. Shekara biyu Injiniya yana zuwa duk ƙarshen wata, ya kaɗe mata ƙurar katako, ya duba abin da zai duba. Komai ya tafi daidai, Mai Katako har baƙi yake shigarwa sito ya nuna musu.

Sai Injiniya ya samu aiki a wani gari mai nisa. Ranar da ya zo sallama ya ce, "Yaya, wajen ajiyar na'urar nan ya kusa cika, hotuna sun yi mata yawa. Ko a goge tsofaffin saƙonni, ko a mayar da abin hannun kamfani, tunda ba na nan."

Mai Katako ya ce, "Ba a goge wasiƙa a wajena. Kuma ba inda za su. Allah ya kiyaye hanya."

Mai buɗe saƙonnin kullum safe ita ce sakatariyarsa, Maman 'Yan Biyu. Shekararta tara a wajen. Mijinta direba ne, ciwon baya ya kwantar da shi, don haka aikin nan shi ke riƙe da gidansu. Makullin ofis kaɗai ya yarda ya bar mata, don takan riga kowa zuwa, ta kunna kwamfuta, ta fitar da abin da aka aiko a takarda, ta kai wa Baba Kafinta.

Wata Litinin ta buɗe, ba sabon saƙo ko ɗaya. Talata haka. Laraba haka. Hankalinta bai kwanta ba, don lokaci ne da makarantu ke shirin komawa, lokacin da aiki ya saba yi musu yawa.

Ta samu Mai Katako ta ce, "Yallaɓai, anya na'urar nan lafiya? Kwana uku ba abin da ya shigo."

Ya buɗe sito ya leƙa. "Ga haskenta nan kore. Ga fanka tana juyawa."

"Ko dai a kira Injiniya?"

"A kira shi a ce me? Matsa ki gani."

Ya zauna kan kujerarta, ya tura saƙo daga kwamfutar ofis zuwa wayarsa. Nan take wayar ta yi ƙara. Ya ɗaga mata ita. "Kin gani?"

"Yallaɓai, fita ka gwada. Ni shigowa nake faɗa. Ka turo daga wayarka mu gani."

"Ai hanyar ɗaya ce. Tunda ya fita, zai shigo. Kar ki koya min aiki."

Ya tashi ya fice. Ita kuwa ƙaramar waya ce da ita mai maɓalli, ba yadda za ta gwada da kanta. Sati na zagayowa ta sake magana, ya ce mata kasuwa ce ta yi sanyi. Karo na uku ko ɗago kai bai yi ba.

Ana nan, wata rana ya bi ta gaban wata makaranta da ya shekara shida yana yi wa benci. Sai ya ga babbar mota a ƙofa, ana sauke sababbin bencina, ba nasa ba. Ya tsaya ya tambayi mai gadi. Mai gadi ya ce, "Ni dai na ji an ce an aika muku, ba ku karɓa ba." Ya dubi rubutun jikin motar, ya ga sunan wani wajen kafintoci inda ƙanen mijin Maman 'Yan Biyu ke aiki.

Bai tsaya wani bincike ba. Ya dawo ya tsaya tsakiyar fili, ya sa aka kashe injin yankan katako, ya kira ta a gaban kowa.

"Ashe shi ya sa kullum ba saƙo, ba saƙo. Kina gogewa, kina kai wa dangin mijinki aikina. Shekara tara ina zaune da maciyiyar amana."

Ta ce, "Yallaɓai, ni?"

"Ajiye min makullin ofis."

Baba Kafinta ya ce, "Maigida, a bi a hankali."

"Baba, ba da kai nake ba."

Ta shiga ta ɗauko jakarta da kofin shayinta, ta ajiye makulli kan tebur. Abin da kawai ta ce shi ne, "Allah ya san abin da ya faru." Ta fita, kafintoci suka sunkuyar da kai.

Wallahi nan ne labarin ya fi tsaya min a rai. Aiki ana rasa shi a samu wani. Amma macen da aka ce ta ci amana, wa zai ba ta makullin ofis kuma? Wurare biyu ta je nema, duka maganar ta riga ta isa.

Mai Katako ya koma buɗe kwamfutar da kansa. Kwana goma yana buɗewa, ba komai. Sai ya ce ai ta riga ta ɓata shi a wajen mutane.

Wata rana ya kai motarsa wajen makanike, sai ya tarar da Hedimastan makarantar nan zaune kan benci, shi ma yana jiran tasa. Mai Katako ya so ya kau da kai, Hedimasta ya riga shi magana.

"Manyan gari. Ku da kuka fi ƙarfinmu yanzu."

"Malam, ni ne ma zan yi ƙorafi. Shekara shida, sai kawai in ga bencin wani a ƙofarka?"

"To ya za mu yi? Kai ka ce ka cika."

"Ni? Yaushe?"

Hedimasta ya sa tabarau, ya lalubo a wayarsa, ya miƙa masa. Ga saƙon da makaranta ta aiko, da hotuna da awo. A ƙasansa ga amsa da sunan wajen Mai Katako: "Yi haƙuri, mun cika. A sake gwadawa wani lokaci."

Hedimasta ya ce, "Sau uku na aika, sau uku amsar nan. Na ce to, mutum ya gaya maka aiki ya yi masa yawa har sau uku, kiran waya kuma ai roƙo ne. Har murna na taya ka a raina."

Mai Katako ya duba lokacin da amsar ta zo. Minti ɗaya tsakaninta da saƙon. Ta ƙarshen ma ranar Lahadi ce, ranar da ofis a kulle yake, ba mai zuwa aiki.

A nan wajen makaniken ya kira ƙanensa, ya karanta masa. Injiniya ya ce, "Yaya, ni na rubuta wannan."

"Kai?"

"Tun ranar da na haɗa na'urar. In wajen ajiyarta ya cika, da kanta take mayar da saƙo, ta ba mai aikowa amsa. Amsar da ta zo da ita doguwa ce, ba mai gane ta, sai na gajarta. Akwatin saƙo nake nufi ya cika. Ban taɓa tunanin za a ɗauka aiki ne ya yi mana yawa ba."

"To saƙonnin suna ina yanzu?"

"Ba su shigo ba, Yaya. Daga ƙofa aka mayar da su."

"Ba mai iya gogewa ke nan."

"Me za a goge, abin da bai shigo ba? Wai ina Maman 'Yan Biyu? Ba ta lura ba?"

Mai Katako ya kashe wayar.

Ranar Asabar Injiniya ya zo. Ya duba, ya ce sati bakwai ke nan na'urar tana korar mutane da ladabi. Ya ce, "Ajiye ta a gida ba laifi ba ne. Manyan wurare suna yi, amma suna da mutum wanda aikinsa ke nan, ba shi da wani. Kai kana da shi?"

"Ba ni da shi."

"To ko ka ɗauka, ko ka ba waɗanda ke da shi. Su ma ba mala'iku ba ne, wata rana nasu yakan tsaya. Amma in ya tsaya akwai wanda zai gani a take."

A ranar aka mayar da imel ɗin hannun kamfani, adireshin bai canja ba. Wannan bai ɗauki yini ba. Mai wuyar tana gaba.

Da la'asar Mai Katako ya je gidan Maman 'Yan Biyu. Ya same ta tana kwashe shanya, mijinta kwance kan tabarma da filo a ƙarƙashin ƙugu. Suka gaisa sama-sama. Ya yi bayanin komai, ya ce, "Ki yi haƙuri, ki dawo Litinin."

Ta ninke rigar da ke hannunta, ta ajiye. "Yallaɓai, aiki ban ƙi shi ba, kana ganin halin da muke ciki. Amma ba a tsakar gidan nan ka ce na ci amana ba. 'Yan biyu a makaranta suka ji, wata yarinya ta gaya musu. Ƙanen mijina ya daina shigowa gidan nan don kunya."

"To me kike so in yi?"

"A inda ka faɗa, gaban waɗanda suka ji."

Ya dubi mijin, ko zai sa baki. Mijin ya ce, "Ni dai a kwance nake, amma kunnena ƙalau. Ba ta faɗi abin da ya fi ƙarfinka ba."

Ranar Litinin ta zo, amma ba ta shiga ofis ba, ta tsaya bakin fili da jakarta. Mai Katako ya fito, ya koma, ya sake fitowa. Sannan ya ɗaga hannu aka kashe injin.

Ya ce, "Abin da na faɗa a kan baiwar Allah nan ba gaskiya ba ne. Ba ta goge komai ba, ba ta kai aiki ko'ina ba. Sau uku ta gaya min na'ura ba lafiya, na ƙi ji. Laifina ne. Duk wanda ya kai waccan maganar waje, ya kai wannan ma."

Baba Kafinta ya cire fensir daga bayan kunnensa ya ce, "Wannan kam ni zan kai ta, ko da ƙafa ne."

Wasu makarantun sun dawo, wasu har yau ba su dawo ba. Ita kuwa sai da ya gama faɗa sannan ta taka ta shiga.

Darasi: Riƙe abu a hannunka ba shi ne kula da shi ba. In ba ka da lokaci ko sanin da za ka kula da shi, ka ba waɗanda suka iya, ba faɗuwa ba ce. Kuma in na ƙasa da kai ya ce akwai matsala, ka duba abin da ya nuna maka kafin ka zarge shi, don na'ura ana gyara ta a yini ɗaya, sunan mutum kuwa ba haka ba. Ni uwa ce, 'ya'yana suna aiki a ƙarƙashin mutane, kullum da wannan fargabar nake. Don Allah ku tura wa duk wanda kuka san yana da ma'aikata, ko Allah zai sa ya tsaya ya bincika kafin ya buɗe baki.